Tauye Mudu Da Algus A Rubutu: Raddi Ga Masu Yanka Mana Adadin Kalmomi



Maganar wannan makon ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ta zame mana dole. Kwanakin baya wata ƙanwarmu a nan Illela ta kawo mana rubutunta mu duba mata. A kan matan da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi shi, da yadda rufe iyaka ya karya musu jari. Mun taɓa ganin na farko, mun san yana da nama. Da muka karanta wannan, sai muka ga ƙashi kawai. Babu tsohuwar da ta yi hira da ita, babu farashin tiyar gyaɗa kafin rufewa da bayanta, babu bayanin yadda bashi ya hau kansu. Muka ce, "Ƙanwarmu, ina sauran?" Ta ce ai ta je wani taron horar da marubuta a birni, malamin ya ce musu duk rubutun da za a karanta a waya kada ya wuce kalma 300, wai mutanen yanzu ba su da haƙurin karatu. Shi ya sa ta yanke.

A makon kuma wani yayanmu ya turo mana nasa, a kan tarbiyyar yara. Sai da muka ja allon waya sau shida kafin mu ga inda zancen ya dosa. Godiya ga Allah, salati, jinjina ga malamai bakwai da sunayensu, ma'anar kalmar tarbiyya a luga da isɗilahi, tarihin zuwan Turawa. Da muka yi masa magana, sai ya ce, "Ai ƙanena, rubutun ilimi ba ya gajarta."

Duka biyun mun ƙi su. Mu 'yan kasuwa ne, jikokin 'yan kasuwa, kuma a kasuwar Lahadi ta Illela akwai laifi biyu da ke zubar da mutuncin mai awo har abada. Na farko tauye mudu, na biyu algus. Wanda ya yanke rubutu ƙasa da abin da zancen ke buƙata don ya cika sharaɗin wani adadi, ya tauye wa mai karatu mudu. Wanda ya cika shi da ƙaiƙayi don a ce ya yi zurfi, ya yi algus. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Bari mu fara da masu tauyewa, tunda su ne ke tashe yanzu.

Kowa a garin nan ya san abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, aka garƙame iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace a cikinsu, 'yan kabu-kabu da 'yan dako da 'yan canji suka koma zaman jiran tsammani. Mutumin Illela da ƙanwarsa ke aure a Birnin Ƙwanni, tafiyar 'yan mintuna, sai ya bi ta gonaki in zai je suna. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin. Ranar Laraba 13 ga Maris, a farkon azumi, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a buɗe iyakar Najeriya da Nijar.

Ku tuna saƙon da ya cika wayoyinmu a daren. Kalma huɗu ko biyar ne: Alhamdulillahi, an buɗe boda. Gajere, mai daɗin turawa, ya cika duk sharuɗɗan malamin ƙanwarmu. Kuma babu ƙarya a cikinsa. To amma iyaka ƙofa biyu gare ta. Najeriya ta buɗe tata, Nijar ba ta buɗe ba sai ranar Juma'a 22 ga Maris. Kwana tara ke nan. Mun san waɗanda suka yi lodi saboda wannan saƙo, suka biya kuɗin mota, suka iso suka tarar da ɗaya ƙofar a rufe. Jimla ɗaya tak marubucin saƙon ya rage, wadda za ta ce ɓangaren Nijar bai sanar da komai ba tukuna. Ita ce kuma jimlar da mai kaya ya fi buƙata. Wannan shi ne tauye mudu. Abin da ka bayar gero ne na gaske, sai dai bai kai abin da aka biya ba.

Wannan labari ne na rana ɗaya, jimla biyu ko uku sun ishe shi. To ina ga wanda zai bayyana wa matashi ɗan shekara ashirin dalilin da ya sa aka rufe wannan iyaka sau biyu cikin shekara huɗu? Dole ya faɗi rufewar Agustan 2019, wadda gwamnatin Buhari ta ce don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur da makamai ta yi. Dole ya faɗi cewa a Disamban 2020 Illela na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Dole ya bambance ta da ta 2023, wadda siyasar yanki ce ta jawo ta. Dole ya nuna yadda kowace ta taɓa farashin dabbobi a kara da darajar naira a gaban sefa. A zuba wannan a kalma 300? Abin da zai fito zagi ne ko yabo, domin su ne kaɗai ke shiga ƙaramin mazubi. Bayani yana son fili. Idan kuka lura, yawancin jita-jitar da ke haɗa mutane faɗa gajeru ne. Ƙarya ba ta buƙatar hujja, shi ya sa ba ta da nauyin ɗauka.

Daga ina ma aka samo cewa mutanen yanzu ba sa iya karatu? Masu horarwa sukan kawo wani zance, wai hankalin ɗan Adam ya ragu zuwa daƙiƙa takwas, ƙasa da na wani ɗan kifin ado. Zancen ya yaɗu ne daga wani rahoton tallace-tallace da reshen kamfanin Microsoft na Kanada ya fitar a 2015. A 2017 wani shirin BBC mai bin diddigin alƙaluma ya nemi binciken da aka dogara da shi, bai samu ba. Ga shi har yau ana tallata mana shi a ɗakunan taro kamar wahayi. Kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda ma a gidan masu shi ya yage.

Ba sai mun je Kanada ba. Mu dubi gidajenmu. Yarinyar da aka ce hankalinta bai wuce daƙiƙa takwas ba, ita ce ke kwana tana karanta littafin soyayya mai shafi ɗari a wayarta, har ta biya kuɗi don a turo mata ci gaba. Saurayin da aka ce ba ya iya zama, shi ke bin Labarina da Daɗin Kowa zango bayan zango, bai manta sunan kowa ba. Dattijon da aka ce ya gaji, shi ke zaman tafsiri kullum a azumi har a shafa. Haƙuri yana nan. Abin da mutane suka daina yi shi ne haƙuri da rubutun da ba ya ba su komai. Idan aka gudu daga rubutunmu a layi na biyar, mu binciki layuka biyar ɗin kafin mu ɗora wa zamani laifi.

Akwai kuma abin da masu ƙirga ba su lura da shi ba. Adadin nan da ake yanka mana, da Turanci aka auna shi. Hausa tana rubuta ƙananan kalmominta daban-daban: ya, ta, na, da, a, ne, ce, ba. Ku ɗauki sakin layi ɗaya na rubutunku ku ƙirga su, za ku ga yadda suke cin adadi. Mudun Legas da tiyar Sakkwato ba ɗaya ba ne, kuma duk ɗan kasuwar da ya haɗa su zai koma gida da asara.

Yanzu kada masu dogon zango su fara murna, don nasu laifin ya fi yawa a tsakaninmu.

Mai karatu a Illela da kuɗinsa yake karanta mu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wayar kanta sai an kai ta rumfar mai caji an biya. Mutumin ƙauye, can wajen Kalmalo ko Araba, wani lokaci sai ya nemi tudu kafin saƙo ya buɗe. Direba yana karantawa ne a tasha kafin mota ta cika, tela tsakanin ɗinki da ɗinki, uwar gida bayan ta sauke sanwa. Wannan mutum ya ba ka cajinsa da datarsa da ɗan hutunsa. Idan ka cika masa allo da jinjina da maimaici, ka ci haƙƙinsa, ko da niyyarka mai kyau ce.

Mu faɗi algus ɗinmu da sunansa. Akwai shimfiɗar da ta fi ɗakin girma, kamar ta yayanmu mai tarbiyya. Akwai faɗin abu ɗaya sau uku da kalmomi daban-daban, a yi zaton an ƙarfafa shi. Akwai jera karin magana biyar inda ɗaya ta isa. Akwai "kamar yadda masana suka bayyana" ba tare da masani ko ɗaya ba. Akwai bayyana ma'anar abin da kowa ya sani: mutum zai yi rubutu a kan tsadar albasa, sai ya fara gaya wa Basakkwace mece ce albasa. A ɓangaren ƙagaggun labarai kuma akwai cutar jan zare, a shafe shafi uku ana kwatanta kayan ɗaki da irin motar da Alhaji ya hau, don labari ya kai kashi na hamsin. Duk wannan kamar mai buhu ne da ya zuba ƙasa da ɓawo a tsakiya, ya jera manyan albasa a baki. Zai sayar sau ɗaya. Lahadi mai zuwa dillali ma ba zai tsaya a wurinsa ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ya zo a hadisi, tsawaita salla da taƙaita huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Wanda ya san abin da zai faɗa ba ya kewaye. Sau da yawa dogon rubutunmu shaida ce cewa ba mu gama tunani ba muka fara bugawa. Muna neman maganar ne a gaban mai karatu, da kuɗinsa.

To idan gajere na iya zama laifi, dogo ma haka, mene ne ma'auni? Ba mu muka fara fuskantar wannan tambaya ba, kuma waɗanda suka amsa ta a ƙasar nan tamu suka zauna. Degel ba ta da nisa da mu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Wasiƙatu Ahlis Sudan, 'yan shafuka kaɗan, magana a jere a taƙaice, irin wadda za a kwafa da hannu a aika gari-gari a karanta wa jama'a a zama ɗaya. Shi ne kuma ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra a 1806, littafi mai fasali fiye da sittin, cike da hujjoji, don malamai masu tambaya da masu musu. Mutum ɗaya, kusan batu ɗaya, tsawo biyu. Abin da ya bambanta su shi ne wa ake yi wa magana, kuma me ake so ya yi bayan ya ji. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, daga baya ya sake yin wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, don waɗanda babban ya fi ƙarfinsu. Nana Asma'u ta zuba ilimi a waƙoƙin da jajis za su iya haddacewa su kai wa mata a ƙauyuka. Babu wanda a cikinsu ya fara da tambayar kalma nawa. Da mai saurare suka fara.

Zaure ma ya koya mana illar matse magana fiye da kima. Ahalari da Ishmawi ƙanana ne, yaro na gama su. Amma Muhtasar na Shaihu Halil, saboda tsananin matsewarsa, ba mai iya shigarsa shi kaɗai, sai da malami, sai da sharhi, sharhin ma aka yi masa hashiya. Wannan ya dace da littafin da aka yi don a karanta a gaban malami. Kai kuwa mai karatunka yana tasha shi kaɗai, ba shi da wanda zai warware masa. Duk abin da ka matse ka bari, shi zai cike da zatonsa.

A boko ma haka. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 a Zariya, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu, sirara ne, ana iya gama kowanne a yini ɗaya, ga shi kusan shekara casa'in ana karanta su. Abubakar Imam da ya rubuta siririn Ruwan Bagaja shi ne ya rubuta Magana Jari Ce juzu'i uku. Ku duba yadda ya gina shi: babban labari ɗaya, a cikinsa ƙananan labarai, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Mai karatu na iya sauka ya huta ya dawo. Wannan darasi ne ga duk mai son yin dogon rubutu: ka yi wa matafiyi zango. Daga Sakkwato zuwa Illela ma akwai Kware, akwai Gwadabawa.

Wani zai ce, ai gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun da aka fara ta a 2016, tana yanka adadi, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ta fito da marubuta mata na ƙwarai. Gaskiya ne, kuma ba mu da ja. Idan mai gasa ko editan jarida ko mai shirin rediyo ya ba ka mazubi, ka girmama shi. Amma ku lura da abin da gwanaye ke yi: sukan zaɓi labarin da zai shiga mazubin, ba su ɗauko raƙumi su yanke masa ƙafafu don ya shiga akurki ba. Koyon rubutu a cikin ƙayyadadden adadi horo ne mai kyau, muna ma ba ƙannenmu shawarar su riƙa yi. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki sharaɗin wuri ɗaya a mai da shi dokar kowane rubutu.

Wani kuma zai ce, masu karatunmu da yawa ba su yi nisa a boko ba, gajere ya fi musu. Wannan magana tana da nauyi, musamman a bakin iyaka. 'Yan uwanmu na Ƙwanni da Tawa da Madawa da Faransanci suka yi makaranta, da yawansu sukan karanta Hausar boko a hankali. Kuma tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, muna sa ran masu karanta mu daga can su ƙaru. Amma maganin mai karatu a hankali shi ne gajerun jimloli, kalmomin da ya sani, da sakin layi mai numfashi. Ba a rage masa gaskiya. Ba a ce tunda tsoho ba shi da haƙori a ba shi rabin tuwo. Miya ake ƙara masa ya yi laushi. Raina mai karatu ne a ce tunda bai yi jami'a ba, rabin bayani ya ishe shi a kan abin da ya shafi jarinsa da gonarsa.

Ga yadda mu muke aunawa, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. Kafin mu fara, mukan faɗi abin da muke son faɗa a jimla ɗaya, da baki, kamar muna gaya wa aboki a rumfar mai shayi. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba mu shirya ba, sai mu ajiye waya mu koma tunani. Idan ta fito, sai mu tambayi kanmu me mutumin da bai yarda da mu ba zai nema kafin ya yarda: wace rana, wane wuri, nawa, wa ya gani. Waɗannan su ne kayan. Su ke faɗin girman buhu. Farashin wake a kasuwar Lahadi layi biyu ne. Ta'aziyya sakin layi ɗaya ko biyu. Labarin matan ƙuli-ƙuli na ƙanwarmu yana son kalma dubu ko fiye, don sai an ji muryarsu an ga lissafinsu.

Bayan mun gama, mukan bar shi ya kwana. Da safe mu karanta shi da ƙarfi. Duk sakin layin da za a cire ba tare da wani abu ya rushe ba, algus ne, ya fita, ko da shi muka fi so. Mafi yawan lokaci na farko ne. Sannan mu ba wani wanda bai san batun ba ya karanta a gabanmu. Inda ya ɗago kai ya ce, "To sai me ya faru?" ko "Wa ya ce?", nan muka tauye, sai mu cika. Inda muka ga babban yatsansa ya fara gudu a kan allo, nan muka yi ciko, sai mu rage. Adadin da ya rage bayan wannan, shi ne tsawon rubutun. Ba ma ƙirga shi sai in wani ya nema.

Mun ce wa ƙanwarmu ta mayar da tsohuwarta da farashin gyaɗarta. Ta mayar, ta kuma cire wasu layuka biyu na gabatarwa da ita kanta ta ga ba sa aiki. Yayanmu kuwa har yanzu muna ja da shi a kan malamansa bakwai. Mun ce ya bar su a addu'arsa ta bayan salla, za ta fi kai musu.

Ga masu horar da marubuta kuma, da girmamawa muke roƙo: ku daina ba yaranmu adadi kafin ku ba su ma'auni. Ku koya musu gane ƙaiƙayi, ku koya musu gane giɓi. Yaron da ya iya waɗannan biyun zai rubuta layi uku ranar da layi uku ya isa, ya rubuta shafi goma ranar da magana ta kai, kuma a karanta shi duka biyun.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama masu cika mudu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.